Kafin Ka Zagi Kamfanin Waya, Auna Sabis Ɗin Gidanku

 Yau zan fara da wani abu da ya faru a gidan yayana da ke Kumbotso, don na san da yawanku za ku hango gidanku a cikin labarin.

Yayan nawa manomi ne. Yana zaune a Kumbotso, gonarsa ta shinkafa kuwa tana Kura, cikin filayen noman rani. Bara ya sayi rauta, wato 'yar na'urar nan da ake sa wa layin waya ta riƙa raba intanet ga mutanen gida ta Wi-Fi. Saboda 'yarsa ya saya, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare tana shirin JAMB. Kun san tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta wannan jarabawa, don haka yarinyar na buƙatar ta saba da amsa tambayoyi a allo, ta kuma kalli darussan Fiziks da Kemistiri. To amma a ɗakinsu, bidiyo sai ya yi minti ɗaya ya tsaya yana ta juyi kamar fanka.

Ranar da na je, na tarar da shi a falo ransa a ɓace. Bayan mun gaisa ya ce, "Kai da ka san kan waɗannan abubuwa, wane kamfani zan koma? Waɗannan cin kuɗina kawai suke yi." Har ya riga ya tambayo farashin sabuwar rauta, kuma kuɗin da ya ware don buhun taki yake shirin taɓawa.

Na ce, "Yaya, ranar da ruwa bai iso gonarka ba, dam ɗin Tiga kake fara zagi?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba! Ai sai in bi kanal da ƙafa in ga inda ya toshe."

Na ce, "To mu bi wannan kanal ɗin ma da ƙafa."

Hanya biyu ce, ba ɗaya ba

Duk wanda ya san Kura da Bunkure da Garun Malam ya san yadda ruwa ke zuwa gona. Daga dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa na bin babban kanal, ya shiga ƙananan magudanu, sannan ya kai fangalin shinkafa ko na tumatir. Ruwa zai iya cika babban kanal fal, amma gonarka ta bushe saboda ciyawa ta toshe 'yar magudanar da ke bakinta.

Haka intanet ɗin gida yake. Hanya ta farko tana tasowa daga ƙarfen sabis na kamfani zuwa rauta. Hanya ta biyu tana tashi daga rauta zuwa wayarka, ita ce Wi-Fi. Idan ɗaya ta samu matsala, abin da za ka gani iri ɗaya ne: bidiyo ya tsaya. Shi ya sa mutane ke ɗora wa kamfani laifin bangon ɗakinsu, ko su sayi sabuwar rauta alhali wurin da suka ajiye tsohuwar ne matsalar. Sai an auna kowace hanya ita kaɗai ake gane mai laifi, kuma ma'aunin yana aljihunka.

Kayan aiki

A wayar Android, shiga Play Store ka nemi manhajar da ake kira WiFi Analyzer. Akwai su da yawa masu wannan suna, kuma na kyauta sun wadatar. Manhajar za ta nemi izinin sanin wurin da kake. Kada ka tsorata: tun daga Android 6 na shekarar 2015 Google ta wajabta wannan izini ga duk manhajar da ke duba Wi-Fi na kusa, domin da sunayen Wi-Fi ana iya gane unguwar da mutum yake. Mai iPhone kuwa, Apple ba ta barin manhajoji su yi wannan bincike yadda suke so, amma akwai tata manhajar mai suna AirPort Utility, wadda ake kunna mata sashen duba Wi-Fi daga saitin waya.

Gargaɗi ɗaya tun da wuri. Za ka ci karo da manhajojin da ke alƙawarin ƙara ƙarfin Wi-Fi da dannawa ɗaya. Ka wuce su. Ƙarfin yana fitowa ne daga rauta, babu manhajar da za ta zauna cikin wayarka ta ƙara shi. Talla kawai za su cika maka waya da ita, su sha data.

Karanta lambar

Da ka buɗe manhajar za ka ga jerin sunayen Wi-Fi da ke kusa, kowanne da lamba a gefensa mai alamar ɗebewa, sannan haruffa uku: dBm. Wannan lambar ita ce ƙarfin sabis ɗin a daidai inda kake tsaye. Ta fi sandunan nan uku ko huɗu da ke saman allo faɗin gaskiya, don kowane kamfanin waya da yadda yake zana sandunansa.

Tun da lambar na da alamar ɗebewa, wadda ta fi kusa da sifili ta fi ƙarfi. Daga -30 zuwa -50, kana gab da rauta, sabis ya cika. Wajen -60 lafiya lau ne. Kusan -67 shi ne iyakar da masu aikin sadarwa ke so kada a wuce idan ana son bidiyo da kiran murya su tafi sumul. Daga -75 zuwa -80 wahala ta fara. A -90 kusan babu komai.

Ga wurin da darasin logaridim da kuke ƙorafi a kansa ke da amfani. Wannan ma'auni ba ya tafiya ɗaya, biyu, uku irin na mudu. Duk raguwar 3 na nufin ƙarfi ya ragu da rabi. Duk raguwar 10 na nufin ya koma kashi ɗaya cikin goma. Ke nan tsakanin -50 da -80 akwai goma sau uku, wato 10 × 10 × 10, ninki dubu.

Na miƙa wa 'yar yayana wayar na ce ta zagaya gidan, ƙaninta na biye da ita da biro da takarda. A falo kusa da rauta ta samu -42. A tsakar gida -63. A bakin ƙofar ɗakinsu -71. A kan katifarta, inda take zama ta yi karatu, -79. Ta tsaya ta yi lissafi a gefen takardar, ta ɗago kai ta ce, "Baffa, wannan ai ya fi ninki dubu biyar!" Haka ne kuwa. Bambancin 37 ke nan, kuma taku bai wuce ashirin ba tsakanin wuraren biyu.

Idan za ku yi naku, ku tsaya a kowane wuri kamar rabin minti kafin ku rubuta. Sababbin wayoyin Android na taƙaita yawan binciken da manhaja ke yi, don haka lambar ba ta sauyawa nan take.

Me ke cinye sabis a hanya?

Wi-Fi igiyar rediyo ce, 'yar'uwar wadda ke kawo muku Rediyon Kano, sai dai tata kaɗawar ta fi sauri nesa ba kusa ba. Yawancin rautoci na aiki a 2.4 GHz, wato igiyar na kaɗawa sau biliyan 2.4 a daƙiƙa ɗaya. 'Yan ajin kimiyya, ku raba saurin haske, mita 300,000,000 a daƙiƙa, da wannan adadi. Za ku samu tsawon igiyar: santimita 12.5, bai kai tsawon biro ba.

Abubuwa uku ne manyan abokan gabar wannan igiya a gidajenmu. Na farko ƙarfe: ƙofar ƙarfe, kwanon rufi, firji, tagar da aka yi wa ƙarafa. Ƙarfe na mayar da igiyar baya kamar yadda madubi ke mayar da haske. Na biyu bango mai kauri, musamman na siminti da aka zuba wa rodi. Na uku ruwa, domin ruwa na shanye ƙarfin igiyar. Tankin ruwa, duro, randa, har jikin ɗan Adam da mafi yawansa ruwa ne, duk suna rage ta.

Da muka duba gidan yayana, sai muka ga an haɗa wa rautar duka ukun. Tana ƙasa, a bayan talabijin, don nan soket yake. Firji na gefenta. Tsakaninta da ɗakin 'yan mata akwai bango biyu, da ƙofar ƙarfe, da duro biyu na ruwa da ake ajiyewa a baranda. Abin mamakin ma shi ne da wani abu ke isa ɗakin.

Tasha da maƙwabta

Bayan ƙarfi, akwai cunkoso. A manhajar akwai shafin da ke zana kowane Wi-Fi kamar tudu a kan layi mai lambobi daga 1 zuwa 13. Waɗannan lambobi su ne tashoshi. Tasha ta 1 tana 2412 MHz, ta 6 tana 2437, ta 11 tana 2462. Tazarar kowace tasha da mai bi mata 5 MHz ce kawai, alhali kowane Wi-Fi na cin faɗin kusan 20 MHz. Saboda haka wanda ke tasha ta 3 yana shiga gonar na 1 da ta na 6. Tashoshi uku ne aka saba zaɓa don ba sa taka juna: 1, 6 da 11.

Ga wani abu da ke ba mutane mamaki. Rautoci biyu da ke tasha ɗaya suna jin juna, kuma an gina su a kan ladabi: kowace na saurare, idan wata na magana ta jira. Kamar manoma biyu ne da ke shan magudana ɗaya, wannan ya yi ban ruwa, ya rufe, wancan ya buɗe. Ana jira, amma kowa na samu. Waɗanda ke tashoshi maƙwabta kuwa, irin 6 da 8, ba sa fahimtar juna, hayaniya kawai kowace ke ji daga ɗayar. Don haka idan tashoshin uku duk da mutane, gara ka zaɓi wadda ta fi sauƙin cunkoso a cikinsu da ka raɓe a tsakani.

A gidan yayana mun ga Wi-Fi guda bakwai. Akwai na maƙwabta, akwai na mai shagon POS na bakin layi, akwai na wayoyin samari da suka kunna rabon data. Huɗu daga ciki, har da namu, na cunkushe tsakanin tasha ta 5 da ta 7. Tasha ta 11 kuwa fayau. Abin lura a nan: maƙwabcin da lambarsa ta kai -85 bai cika damunka ba. Wanda ke -60 a cikin ɗakinka shi ne abokin gasarka.

Sauya tasha ba wuya, amma da izinin mai rauta ake yi. A bayanta ko ƙarƙashinta akwai takarda mai adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, tare da sunan shiga da kalmar sirri. Ka haɗa wayarka da Wi-Fi ɗin, ka rubuta adireshin a burauza, ka nemi sashen Wi-Fi ko WLAN, a nan za ka ga inda aka rubuta Channel. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton yadda saitin yake, don ka iya mayarwa idan abu ya rikice. Kuma kada ka soka tsinke a ɗan ramin nan da aka rubuta wa Reset, don zai goge duk saitin gidan.

Wasu rautoci na da hanya ta biyu, 5 GHz. Ta fi sauri, tashoshinta sun fi yawa, cunkoso kaɗan ne. Amma igiyarta gajeriya ce, kusan santimita 6, kuma bango ya fi cinye ta. Ta dace da wanda ke ɗaki ɗaya da rauta, 2.4 kuma ta dace da na nesa. Kada ku rikita ta da 5G. Shi 5G tsarin sadarwar wayar salula ne na zamani na biyar, wanda aka fara a Najeriya a 2022, kuma a hanya ta farko yake aiki, tsakanin ƙarfen sabis da na'ura. Idan sunan Wi-Fi ɗinku ya ƙare da 5G, sau da yawa 5 GHz ake nufi.

Babban kanal

Saura hanya ta farko. Wi-Fi zai iya kai -40 amma intanet na rarrafe, idan ita rautar ba ta samun sabis daga waje. Shafin saitin rauta da yawa na nuna wata lamba mai suna RSRP, wato ƙarfin 4G da ke iso ta. Idan taku ba ta nunawa, ɗauki waya mai layin kamfani ɗaya da na rautar, ka shiga saiti, sashen bayanin waya, ka nemi matsayin SIM. Nan ma dBm za ka gani, sai dai ma'auninsa daban ne da na Wi-Fi. A 4G, wajen -80 zuwa -90 abu ya yi kyau, daga -100 ya fara rauni, -110 kuwa sai haƙuri.

A bayan talabijin ɗin yayana mun samu -107. Muka bi tagogi ɗaya bayan ɗaya. A tagar da ke kusa da ƙofar fita tsakar gida, idan aka ɗaga wayar sama da kai, lambar ta koma -93. Wurin kuma ya fi kusa da tsakiyar gidan, bango ɗaya ne kawai tsakaninsa da ɗakin 'yan mata.

Muka aika yaro ya sayo soket mai doguwar waya. Muka kafa ɗan katako a bango sama da tagar, ta ciki, inda rana ba ta bugawa kuma feshin ruwan sama ba ya kaiwa, don zafin Kano na watan Afrilu kaɗai ya isa ya galabaitar da na'ura. Muka ɗora rautar, muka mayar da ita tasha ta 11, aka janye duro ɗaya daga baranda. 'Yar yayana ta koma kan katifarta ta auna: -61. Ta kunna darasin da ya yi mako yana ba ta wahala, ya tafi har ƙarshe bai tsaya ba. Yayana ya dubi katakon, ya dube ni, ya ce, "Wato dai takina ya tsira."

Abin da awo ba zai gyara ba

Kada in yi muku ƙarin gishiri. Bayan kwana biyu ta kira ni ta ce, "Baffa, da rana lafiya lau, amma bayan isha'i yana ja." Na ce ta duba lambobin, ta ce ba su sauya ba. Wannan alama ce ta cewa matsalar ta bar gidan. Ƙarfen sabis ɗaya ne ke ɗauke da unguwa guda, kuma da dare kowa ya dawo gida ya kama waya. Manomin da gonarsa ke ƙarshen kanal ya san wannan hali: ranar da kowa ya buɗe ruwa lokaci ɗaya, shi ke samun saura. Maganin da muka samu shi ne ta riƙa sauke darussanta da sassafe, ta kalle su da dare ba tare da intanet ba.

Idan kuma ka zagaye duk tagogin gidanku ba ka samu abin da ya fi -110 ba, to a nan ne maganar sauya layi ta taso. Ko a nan ma, ari wayar wani mai layin wani kamfani ka auna a wuraren nan kafin a kashe ko sisi. Wanda zai gwada saurin intanet da Speedtest ko Fast.com ya sani cewa gwajin na shan data, sau biyu ko uku a rana ya isa.

Gani ba shiga ba ne

Manhajar za ta nuna maka Wi-Fi na maƙwabta, kuma ba laifi ba ne ka ga sunansa da tasharsa, don rautar ce da kanta ke shelanta su. Gwada kalmar sirrin wani, ko sauke manhajar da ke iƙirarin fasa ta, wannan wani abu ne daban. Datar da za ka sha kuɗin wani ce, kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta kutse cikin na'urar wani ba da izini ba. Wasu daga irin waɗannan manhajoji ma tarko ne, bayanan wayarka suke kwashewa. Idan ka ga Wi-Fi ɗin maƙwabcinku a buɗe ba kalmar sirri, ka je ka yi sallama ka faɗa masa. Naku kuma ku tabbata yana kan WPA2 ko WPA3, da kalmar sirrin da ba lambar wayar Baba ba ce, ba kuma 12345678 ba.

Aikin wannan mako

Ku zana taswirar gidanku a takarda: zaure, falo, tsakar gida, ɗakuna, madafi. Ku sa alama inda rauta take. Wanda gidansu babu rauta ya ari wayar wani ya kunna rabon data, ya ajiye ta wuri ɗaya, ita ce rautarsa. Ku auna a wurare biyar ko shida ku rubuta lambobin a kan taswirar. Sannan ku sauya abu ɗaya tak, ko wurin ajiya, ko tsayi, ko tasha, ku sake aunawa. Abu ɗaya nake jaddadawa, don idan kun sauya uku lokaci guda kamar yadda muka yi a gidan yayana saboda sauri, ba za ku san wanne ya yi aikin ba. Ku gwada kuma ku rufe ƙofar ƙarfe ku buɗe ku ga dBm nawa take ci, sannan ku lissafa ninki nawa ke nan.

Ku nuna wa malaminku na Fiziks, ku kuma aiko mana da abin da kuka samu ta adireshin jaridar nan. Taswirar da ta fi tsari za mu buga ta a wannan fili. Masu shirin JAMB, ku yi wannan gyara tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai mun haɗu mako mai zuwa. A yi karatu lafiya.